TUN RAN GINI TUN RAN ZANE: MANHAJAR DA ZA TA ZANA INJIN MANOMIN TARAI

Da zarar kaka ta kama a ƙasar Rano da Kibiya, babban abin da ke gaban manomi shi ne yadda zai raba tsaba da zangarniya, ya kai hatsinsa rumbu kafin gara da ɓeraye da dabbobin kiwo su karɓi nasu kason. A Tarai da ƙauyukan da ke kewaye da ita, aikin da aka saba yi da sanda a masussuka, ko da turmi da taɓarya a tsakar gida, yanzu da yawa daga cikinsa ya koma hannun injin casa. Galibin waɗannan injina kuwa ƙirar gida ce. Masu walda ne ke haɗa su da fallen ƙarfe da sandunan tsofaffin motoci da boris na hannu, su ɗora ƙaramin injin dizal a gefe, su ɗaura bel. Wannan hazaƙa ce da ta cancanci yabo, domin su ne suka rufa wa manomi asiri a lokacin da injinan ƙasashen waje suka fi ƙarfin aljihunsa.

Sai dai akwai wani ciwo da ke tattare da wannan ƙira, wanda duk mai injin casa ya san zafinsa. Da wuya a sami injina biyu da suka zo daidai da juna, ko da kuwa hannu ɗaya ne ya ƙera su, saboda daga ka aka fitar da su, babu takarda. Ranar da sandar da ke juya gangar injin ta karye ana tsakiyar aiki, ba inda za a je a ce a ba da irinta. Sai mai injin ya kwance guntayen, ya nufi birnin Kano, ya nemo ƙarfe a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya gwada ya fitar masa da makamanciyarta. Kafin ya komo kwana biyu ko uku sun tafi, dammunan dawa suna jibge a gona, waɗanda suka ba da kafin alƙalami suna ta aike. Maganin wannan ciwo sananne ne a wurin injiniyoyi, wato zane mai cikakken awo, wanda kowane maƙeri zai duba ya fitar da abu iri ɗaya.

Masu iya wannan zane ba su yi ƙaranci a ƙasar nan ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda tushenta ya faro tun 1922, ta daɗe tana ƙera injinan casa da na ɓarar gyaɗa. Akwai Cibiyar Injinan Noma ta Ƙasa a Ilori. Akwai Hukumar NASENI da aka kafa a 1992, wadda ke da cibiyar ƙera kayan aikin ruwa a Kumbotso. Ga injiniyoyin aikin gona na Jami'ar Bayero, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma Makarantar Fasahar Karkara da ke Rano, reshen Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, wadda ita ce mafi kusa da Tarai. A irin waɗannan wurare allon zane da fensir sun ba kwamfuta wuri, ko kuwa suna kan ba ta. To a nan ne maganar ta shigo ofis, domin wani jami'i ne zai sa hannu a takardar sayen manhajar da za a yi zanen da ita, ɗalibai kuma su ne za su zauna da abin da ya zaɓa shekara da shekaru.

Domin amfanin mai karatun da ba fanninsa ba ne, aiki iri biyu waɗannan manhajoji ke yi. Na farko shi ne zane, inda injiniya zai gina injin a cikin kwamfuta, da tsawo da faɗi da kauri, ya juya shi ta kowace fuska, sannan ya fitar da takardun awo. Na biyu shi ne gwaji na kwaikwayo. Kwamfuta takan yanyanka siffar ƙarfen gunduwa-gunduwa har dubbai, ta lissafa nauyin da ke hawa kan kowace gunduwa, ta nuna da launi wurin da ƙarfen zai fara gazawa tun ba a yanka ko falle ɗaya ba. Wani malamin jami'a a Amurka, Ray Clough, shi ya raɗa wa wannan dabara suna a 1960. Kamfanin ANSYS ya fara a 1970, CATIA ta fito daga kamfanin ƙera jiragen sama na Dassault a Faransa a 1977, AutoCAD ta shigo kasuwa a 1982, SolidWorks kuma a 1995. Manya daga cikinsu an raine su ne a gidajen ƙera jirage da motoci, kuma farashinsu ya bi gidan da suka tashi.

Al'adar da aka saba da ita wajen saye ita ce a tambayi wace ce ta fi suna, a rubuta sunanta a takardar kwangila, a ce ai sayen nagari mai da kuɗi gida. Wannan ma'auni bai dace da injin casa ba. Tambayar da ya kamata jami'i ya yi ita ce, shin zanen da ya fito daga wannan manhaja zai isa hannun mai walda a Tarai, kuma bayan shekara goma hukumar da ta biya kuɗinsa za ta iya buɗe shi ta gyara ba tare da ta nemi izinin kowa ba? Idan aka auna da wannan, kamata ya yi manhajojin kyauta masu buɗaɗɗen tushe su zama tuwon yau da kullum a makarantu da hukumomin gwamnati, masu tsadar kuwa a sayi kaɗan don aikin da ya wajabta su.

Maganar kuɗi ita ce a fili. Tun 2016 kamfanin Autodesk ya daina sayar da sabon lasisi na har abada, ya koma ba da haya ta shekara-shekara, kuma sauran kamfanoni da dama sun karkata zuwa wannan hanya. A 2024 hayar AutoCAD ta mutum ɗaya ta kai wajen dala 2,000 a shekara. A farkon 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, wannan bai kai naira miliyan ɗaya ba. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, sai kujera ɗaya tak ta koma naira miliyan 3, wato fiye da albashin shekara uku na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ba abin da ya ƙaru a manhajar, kasafin makarantar ma bai ƙaru ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa jiran a saki kuɗin wata uku daga baitulmali ya san abin da zai faru ranar da haya ta ƙare alhali fayil yana kan tebur ba a sa hannu ba: ɗakin kwamfuta zai koma ɗakin ajiya.

Abin da ya fi kuɗin haɗari shi ne wanda ke riƙe da makulli. Kowace manhaja tana ajiye zane a nata salon, wanda ita ce kaɗai ke buɗe shi da cikakken tarihinsa. Hukumar da ta tara zanen shekara goma a salon kamfani guda ta zama kamar mutumin da ya gina rumbu a gonar aro. A watan Yuni na 2020 wasu jami'o'i biyu na birnin Harbin a ƙasar Sin suka wayi gari an hana su amfani da manhajar lissafi ta MATLAB, saboda gwamnatin Amurka ta sa su cikin jerin waɗanda ta haramta wa fasaharta. Babu wanda ke cewa irin wannan zai sami Wudil ko Rano gobe, amma ya nuna a hannun wa ikon yake. Su kansu kamfanonin suna sauya iyayengiji. A 2025 Synopsys ta kammala sayen ANSYS a kan wajen dala biliyan 35, Siemens kuma ta saye Altair a shekarar, kuma ba a yi shawara da ko ɗaya daga cikin masu hayarsu ba. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana wannan darasi da ƙarfe, tun kafin zamanin kwamfuta. A shekarun 1970 an kafa masana'antar harhaɗa manyan motoci da taraktoci ta Fiat a Kano, da ta Steyr a Bauchi, a zamanin da ake yekuwar shirin ciyar da ƙasa na 1976. An sami gine-gine da ma'aikata, amma ƙirar ta Italiya ce da Ostiriya, kayan haɗin kuma daga can suke zuwa. Da kuɗin waje suka yi wuya a shekarun 1980, sai aiki ya durƙushe. Saboda haka, ko wace manhaja aka saya, lalle ne a wajabta ajiye kwafin kowane zane a salon da ba mallakar kowa ba ne. Akwai shi kuwa, sunansa STEP, wanda Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta fitar tun 1994 da lamba ISO 10303, kuma duk wata manhajar kirki tana karanta shi. Gaskiya ne ba ya ɗauke da tarihin matakan da aka bi wajen ginin, amma siffa da awo suna nan daram.

Sai kuma wutar lantarki da intanet. Wasu sababbin manhajoji, irin su Onshape, a kan intanet kaɗai suke aiki, wasu kuma irin su Fusion sai sun riƙa gaisawa da kamfaninsu lokaci-lokaci. A watan Oktoba na 2024 Kano da yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda a cikin duhu, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta sami ɗaya layin da ya biyo ta Binuwai. Abin da ya dace da Rano shi ne manhajar da za ta yi aiki a kan matsakaiciyar kwamfutar cinya da aka yi wa caji da hasken rana.

Yanzu a dubi injin da kansa, a ga me yake bukata. A ɗauka gangar injin casa tana juyawa sau 600 a minti ɗaya. A awa guda ta juya sau 36,000, a yinin aiki na awa takwas sau 288,000, kafin kwana huɗu su cika ta wuce miliyan ɗaya. A kowane juyi sandar tana ɗan lanƙwasa ta miƙe, ko da ido ba ya gani, kuma wannan ne ke gajiyar da ƙarfe har ya tsage, musamman a inda aka yi walda ko aka yanka masa gaɓa mai kaifi. Haka kuma idan gefe ɗaya na gangar ya fi ɗaya nauyi, ƙarfin jijjigar yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu. Ga dalilin karyewar sanda da cinyewar boris. Lissafin kaurin wannan sanda yana cikin littafin ɗalibin injiniya, ana yin sa da alƙalami a shafi ɗaya. Manhajar gwaji tana da amfani wajen duba firam da wuraren da nauyi ke taruwa, amma aikin bai kai wanda za a yi hayar kayan ƙera jirgin sama dominsa ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai kuma abin da ba wata manhaja, mai tsada ko ta kyauta, da za ta sani sai an gaya mata, wato ingancin ƙarfen. Ɗalibi yakan buɗe jerin ƙarafan da ke cikin manhajar ya zaɓi, alal misali, wanda Turai ke kira S235, wanda aka san iyakar nauyin da yake jurewa. Shi kuwa mai walda abin da ya samu a wurin 'yan gwangwan zai yi aiki da shi, ko ƙarfen da aka narka daga tarkace, wanda ba ya zuwa da takardar shaida. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka fara ginawa tun 1979 ba ta kai ga narka tama ta ba ƙasa ƙarfe mai lamba ba. Idan lambar da aka shigar ta saɓa da ƙarfen da ke hannu, to launukan da kwamfuta ta zana ado ne kawai. Makarantar da ke da naira miliyan 10 a hannu, gara ta kashe mafi yawansu wajen gyara na'urar gwada ƙarfin ƙarfe da sayen kayan awo, da ta zuba su a hayar shekara ɗaya.

Kada kuma a ɗauka tsadar manhaja tana hana kuskure. A ranar 23 ga Agusta, 1991, ƙaton gindin kankare na dandamalin haƙar iskar gas mai suna Sleipner A ya nutse a gaɓar tekun Norway ana cikin gwajinsa. Bincike ya nuna cewa lissafin da aka yi da manhajar NASTRAN, wadda asalinta daga hukumar sararin samaniya ta Amurka ne, ya rage kusan rabin ƙarfin da ke hawa kan wasu bangaye, saboda yadda aka yanyanka siffar a cikin kwamfuta. An yi asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli. Ƙwararru ne suka yi aikin, da manhaja mai suna, amma amsar da ta fito ba ta gamu da wanda ya tuhume ta ba. Ɗalibin da aka koya wa latsa maɓalli, ba a koya masa ya gwada amsar da lissafin hannu ba, ya fi mai walda haɗari, domin shi mai walda ya san cewa kintace yake yi.

Ita kuwa tsabar hatsi ta fi ƙarfe wuyar sha'ani. Akwai dabarar kwaikwayon motsin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, wadda Cundall da Strack suka bayyana a 1979, kuma akwai manhajoji masu tsada da ke yin ta. Amma kafin su faɗi gaskiya sai an auna girman ƙwayar da taurinta da damshinta. Kaura ba ɗaya take da farafara ba, dawar da aka yanka da sauran ɗanye ba ɗaya take da wadda ta sha hunturu ba. Ko injin yana fasa tsaba, ko fankarsa tana kwashe hatsi tare da ƙaiƙayi, wannan a masussuka ake ganewa, da buhu da sikeli da agogo. Duk kasafin da ya tanadi kuɗin manhaja bai tanadi kuɗin kai injin Tarai a gwada shi kaka guda ba, rabin kasafi ne.

To me ke akwai a ɓangaren kyauta? Akwai FreeCAD, wadda masu sa kai suka fara tun farkon shekarun 2000, kuma cikakken fitowarta na farko mai lamba 1.0 ya zo a watan Nuwamba na 2024. Tana zana sassa, tana harhaɗa su, tana fitar da takardun awo, tana kuma gwada ƙarfi ta hanyar CalculiX, wadda wasu injiniyoyi biyu na kamfanin injinan jiragen sama a Jamus suka rubuta. Don lissafin gudun ruwa da iska akwai OpenFOAM da aka saki kyauta a 2004. Kamfanin wutar lantarkin Faransa ma ya saki tasa manhajar gwajin, Code_Aster, tun 2001. Indiya, wadda ta fi ƙasar nan masana'antu nesa ba kusa ba, ta kafa shirin FOSSEE a Cibiyar Fasaha ta Bombay a 2009, musamman don rage dogaron makarantunta ga manhajojin saye.

Masu suka suna da hujja, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Sun ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne FreeCAD ba ta kai SolidWorks santsi ba. Kafin 2024 ta yi ƙaurin suna wajen rikicewa idan aka koma baya aka gyara wani sashe na zanen, kuma ko yanzu babu kamfanin da za a buga wa waya idan ta cije. Sun kuma ce kamfanonin Legas da na ƙasashen waje sunan manhaja suke nema a takardar neman aiki. Wannan ma haka ne, kuma shi ya sa ba a ce a kore su ba. Kamfanonin suna ba ɗalibai lasisin karatu kyauta ko da rangwame, a karɓa a koyar. Amma a faɗa wa ɗalibi gaskiya cewa lasisin karatu ya haramta aikin kasuwanci, kuma yana ƙarewa da ƙarewar karatunsa. Ranar da ya buɗe ɗan wurin ƙira a Rano, ko dai ya biya miliyoyi ko ya koma ga kwafin sata, wanda kowa ya san ya cika kwamfutocin ɗalibai, kuma sau da yawa yana zuwa da cutar kwamfuta. Hukumar gwamnati kuwa ba ta da fuskar karɓar zanen da aka yi da kayan sata. Wanda ya fahimci ka'idar zane da gwaji ba ya daɗewa kafin ya saba da sabuwar manhaja.

Inda aikin ya yi nauyi da gaske, kamar zana fankar famfon ban ruwa ga manoman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga a Kadawa da Kura da Bunkure, babu laifi a yi hayar manhaja mai ƙarfi. Amma kujera biyu ko uku sun isa, a ajiye su a wuri guda kamar Jami'ar Bayero ko cibiyar Kumbotso, a buɗe ƙofa ga malaman Wudil da na Rano bisa yarjejeniya a rubuce. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018 ya bukaci hukumomin tarayya su fifita ƙwararrun gida a ayyukan kimiyya da injiniya, kuma fifikon ba zai cika ba muddin kayan aikin ƙwararren yana kulle a bayan kuɗin waje.

Saboda haka jami'in da zai rubuta takardar saye ta gaba, kamata ya yi ya bar sunan kamfani, ya rubuta aikin da ake so manhajar ta yi, ya nemi jimillar kuɗin shekara biyar a naira har da horar da malamai, ya sa a zana sashe ɗaya na injin casa da kowace manhaja a gaban kwamiti ba tare da intanet ba. Duk injin da aka zana da kuɗin jama'a kuma a ajiye shi a salon STEP a hedikwatar KNARDA da ɗakin karatun makarantar, a buga takardun awonsa da manyan lambobi da bayani cikin Hausa, a rubuta milimita da inci gefe da gefe tun da yawancin masu walda da inci suka saba, sannan malaman gona su raba su ga maƙera a Tarai da Kibiya da Rurum kafin watan Satumba, lokacin da ake fara karɓar odar injinan kaka.